Gorar Kaka

Tun duku-duku muka bar Siteki,
mu talatin da ɗaya, da Malama Shongwe
tana ƙirga kawunanmu kamar mai tallan ƙwai.
Kakata ta cusa mini gora a jaka,
ta lemo ce, an wanke ta tas:
"Ka ciko min ruwan teku, Mbongeni.
Ka haɗo da yashi kaɗan, don in gaskata."

A iyakar Goba aka buga mana hatimi,
jami'in ko kai bai ɗaga ba.
Daga nan allunan hanya suka daina jin yarenmu.

Hantsi ya dubi ludayi muka shiga Ponta do Ouro.
Warinsa ne ya fara tarbar mu:
gishiri, ƙarnin kifi, da wani abu kamar tsatsa.
Sai ga shi.
Motar da ba ta rufe baki ba tun daga gida
ta yi tsit.
Temaswati ta ce, "To, ina ɗaya gaɓar?"
Ba wanda ya yi mata dariya.

Taswirar ajinmu ta cuce mu.
Shuɗin da ke jikinta ba ya ruri,
ba ya zare maka ƙasa daga ƙarƙashin diddige.

Sau uku ina kai gora, igiya tana ƙwacewa.
Wata mai suyar jatan lande, Dona Celeste,
ta ajiye matsami, ta tattare zani,
rabin maganarta kawai nake kamawa,
amma hannunta ya ce: jira,
bari ya juya baya tukuna.
Gora ta cika. Ta ƙi karɓar ko sisi.

A hanyar dawowa, cikin duhu,
kowa ya yi laushi, wanduna na ɗigar ruwa,
ƙishi ya tashi Sakhile daga barci.
Ya laluba jakata.
Tarinsa har direba sai da ya taka birki.
Abin da bai haɗiye ba, kujera ta sha.

Na miƙa wa Kaka rabin gora, kaina a ƙasa.
Ta ɗaga ta saitin fitila,
ta girgiza, ta jira yashin ya kwanta,
ta ɗiga a harshe, ta runtse ido.
Can ta ce, "Nawa ka baro a can?"

Na buɗe baki.
Duk lissafin da Malama ta koya mana
ya tsaya a bakin gaɓa, yana cire takalmi.