Albasar Kaka Buasi

A gidanmu na kan dirkoki, can Siyang Kuwang,
akwai kwanson bam a gindin tsani,
an tsaga shi biyu kamar kabewa.
Kaka Buasi ta cika shi da ƙasa da kashin ɓauna,
ta shuka albasa da na'a-na'a.

Ni da ƙanena Tongwan
mun ɗauka tukunya ce irin ta kowa,
har ranar da malamin aji biyu
ya zana shi a allo, ya ce:
in kun ga ƙaraminsa a gona, mai kama da ƙwallo,
kada ku taɓa, ku kira babba.

Na hau tsani da takalmi a ƙafa.
Kaka na dakan ɗanyar gwanda da barkono,
warin daddawar kifi ya cika rumfa.
Na ce, Kaka, mutuwa ce a ƙofarmu!
Ko kai ba ta ɗaga ba.
Ta ce, wannan ta riga ta ci nata
tun ina goye da uwarku a kogon dutse.
Jeka tsinko min ganye uku.

Da dare ta ɗaura min farin zare a wuyan hannu,
tana kiran kurwata da tsoro ya kora:
dawo gida, dawo, shinkafa ta nuna.
Muka dunƙula ta daga kwandon gora,
muka dangwala.

Yanzu ina Wiyancan, bene hawa huɗu.
Albasata a gwangwanin fenti take.
Tana fitowa dai,
amma ba ta sa ni hawaye kamar waccan.