Sakin Hannu

Ran Litinin, bakin ƙofar nazare a Unguwar Sanusi,
Juwairiyya ta riƙe ɗan yatsana
kamar mai guga ya riƙe igiya.
Jakarta ta fi bayanta faɗi,
gorar ruwa tana dukan gwiwarta.
Anti Zigwai ta tsuguna ta ce, "Zo mu ga ko kin iya tafi."
Ina!
Sai da aka ɓamɓare ta daga jikina
yatsa ɗaya bayan ɗaya, kamar ɓawon gyaɗa.

Na tada kekena na kama hanyar Kawo,
kukan nan yana zaune a kujerar baya.
Fasinja ya ce a tsaya, na wuce da shi,
sai da ya buga ƙarfe: "Direba, lafiya?"

Da yamma na ce, "Me aka koya muku?"
Ta ce, "Layi."
Ta kwaso takalman gidan kaf,
silifas ɗin uwarta, nawa mai tsinkakken hanci,
ta jera su daga bakin randa har zaure.
Ta ɗaga min yatsa: "Baba, ba a tsallake."
Ni da na kutsa gaban motoci tara a gidan mai da safe,
na sunkuyar da kai cikin kwanon tuwo, na yi shiru.

Ta iya ƙirga yanzu:
ɗaya, biyu, uku, biyar.
Huɗu ta ɓata a tsakanin aji da gida,
har yau muna cigiya.

Wata rana ta dawo da shuɗin harshe,
ta gano alli mai launi ba alewa ba ne.
A hannunta takarda, an yi da'ira kamar ƙosai,
ido biyu, ɗaya ya fi ɗaya,
ƙafa uku.
"Wannan kai ne."
Na ce ƙafata biyu.
Ta leƙa waje inda na ajiye keke, ta dube ni,
irin kallon da ake wa wanda bai je makaranta ba.

Akwai ranar da ba ta ɗaga hannu da wuri ba.
Ta dawo ɗaure da zanin Anti,
wandonta a leda.
Ba wanda ya yi dariya, in ji ta,
Anti ta ce ko kogin Kaduna yakan cika ya tumbatsa.

Sai maganar Bobai.
Ya ɗauki awararta, ta gantsara masa cizo.
Aka tsayar da su fuska da fuska
a ce "yi haƙuri."
Kalma biyu tak,
sun fi buhun masara nauyi a bakin 'yar shekara uku.
Ta haɗiye, ta tofar, ta faɗa wa ƙasa,
daga baya ta faɗa wa yaron.
Washegari uwarta ta sa awara huɗu,
ta ce a ƙara, su biyu ne.
Na san manya a garin nan masu furfura
da har yanzu ba su ci wannan darasi ba.

Na biya kuɗin zango don A da B.
Har yau A ɗinta a kwance take kamar ta sha zazzaɓi.
Amma ta san ƙugiyar da jakarta ke rataya,
ta san hagu daban, dama daban,
ta san a wanke hannu har tsakanin yatsu,
ta san in an tafi, za a dawo.

Yau da safe, tun ban kashe inji ba
ta hango Bobai a bakin lilo.
Ita ta zare hannunta.
Ba kuka, ba waiwaye,
gorar ruwa tana tsalle a bayanta.

Na tsaya da yatsana a miƙe,
yana shan iska shi kaɗai.
Baba Tanko mai gadi ya taɓa kafaɗata:
"Malam, ka tare hanya."

Wannan karatun ba ya cikin rasit.
Kuma ba a faɗa min ba
cewa mu biyu aka sa a ajin.