Kasat Mai Fuska Biyu

Ni ne Ɗan Jimo, rumfa ta uku
bayan masu kilishi, Kasuwar Dole.
Shekara ashirin da shida ina auna murya
kamar mai auna gero da tiya.
In zancen 'ya'yan Gwamma ne, ja benci.

Daga wani ƙauye gabas da Mirya suka zo,
ranar Alhamis, bisa amalanken gujiya.
Nomau babba, dogo, gurmi a hammata,
Kalla ƙarami, da jitar wani direba
da ya ba shi ladan turin mota.
Tsirkiya huɗu gare ta,
ta biyar wayar birkin keke ce.

Ba su wasa mai mulki ba, ba su roƙi attajiri ba.
Waƙarsu ta rijiyar da ta ƙafe ce,
da bashin iri,
da jakin da ya san gida in mai shi ya yi barci,
da wasiƙar ɗan bida
da ake biyan ɗan lakwal ya karanta sau biyu.

Muryar fa? Nono ɗaya suka sha.
Nomau ya jawo baiti daga ƙasa kamar guga,
Kalla ya tarbe shi a sama ya juye,
ba ɗigon da ke zuba.
Ko Gwamma, in an kunna mata, cewa take:
"Wane ne cikinsu? Kuka iri ɗaya suka yi mini."

Shekara tara, ba gingimarin da ya nufi Agadas
bai tsaya ƙofata ba.
Tanut, Gure, Magarya, har ƙetaren iyaka.
Na yi rufin kwano, na yi aure
da maƙogwaron mutane.

Sai wani mai ɗab'i ya buga hotonsu a kwali,
ya sa sunan ƙarami a gaba.
Wasu na cewa gona ce, wasu kuɗin wasan Yamai.
Ni dai na ga Nomau, da bai taɓa shiga aji ba,
ya bi baƙaƙen da yatsa,
ya gane nasa a baya,
ya aje kwalin a hankali kamar ƙwai.
An ce harshe da haƙori kan saɓa,
amma su baki ɗaya suke kwana.
Waɗannan, shekara goma sha ɗaya.

Kalla ya tafi Sabha ɗaukar bulo,
siminti ya tare masa a ƙirji.
Nomau ya ci gaba da bukukuwa shi kaɗai,
sai dai duk inda baitin ƙanensa yake
gurmi na tafiya, baki a rufe.
Mutane suka ce sabon salo ne.

Bara da kaka suka ci karo a nan,
ɗaya ya zo cajin waya, ɗaya neman inuwa.
Ba sallama, ba musabaha.
Hannuna ne ya yi karambani:
na zaro tsohon kasat, na nannaɗe shi da biro.

Samari biyu suka fito daga lasifika,
ba furfura, ba tari.
Dattijan suka zauna, kowa da bakin bencinsa,
suna sauraro kamar 'ya'yan wani ne.
Ana tsakiyar waƙar jaki akwatin ya cinye zaren.

Nomau ya jawo baitin daga inda ya tsinke,
ya kai shi bakin rijiya, ya yi shirun da ya saba.
Kalla ya buɗe baki.
Tari ya fito, mai tsawo, kamar ana jan buhu kan dutse.
Nomau ya jira har ya lafa,
ya ce, yana kallon masu kilishi:
"Kullum sai ka makara da shiga."

Wannan ban ɗauka ba.
Kai kuma, mimori ka kawo?
Miƙo in zuba maka,
amma fuska ɗaya za ka samu.