Ɗaki na Huɗu

Jaka takwas na miƙa wa Agali,
ya ba ni makulli mai igiyar kaba.
"Ɗakin injiniya ne," in ji shi,
"mun toshe yoyon rufi, mun shafa farar ƙasa."

Awa biyu arewa da Tawa,
garin da fosfat ya haifa bai tsaya ya yaye ba.
Awaki na kwana cikin gawar kamyo,
aduwa ta fasa sikelin awon dutse,
kantin ma'aikata babu ƙyaure, sai jemagu.

Shekara goma sha ɗaya
Nomau, mahaifina, yana tsayawa bakin tagar nan
ƙarshen wata, hula a hannu,
tari na cin ƙirjinsa kamar gara.
Bai taɓa ƙetare dokin ƙofar ba.

Ga ni yau bisa katifarsu,
fankar sola na juya mini iska.

Sun rataye tsohuwar takardar albashi a bango,
cikin gilashi, don baƙi su ɗauki hoto.
Babu sa hannu ko ɗaya,
dangwalen yatsu ne, shuɗi, jere.
Na haska toci, na bi su ɗaya ɗaya.
Wanne ne ya share mini majina?

Da asuba Agali ya zo da shayi,
ya tarar da ni waje bisa tabarma,
ƙarƙashin tagar.
"Gadon bai yi ba?"
Na ce gado lafiya lau.
Ya zuba mini na fari, mai ɗaci,
bai ƙara tambaya ba.