Magini a Ikko

Sunana uku.
Inna ta ce Shekarau, don na daɗe a cikinta.
Wanda ya saye ni a bakin ruwan nan bai tambaya ba,
ya sa ƙarfe a wuta, ya rubuta nasa a kafaɗata.
A ƙetare wani mai doguwar riga ya yayyafa mini ruwa,
ya ce Bentu.
Bentu nake amsawa a Ikko,
amma in zazzaɓi ya kayar da ni, Shekarau ke nishi.

Na san kuɗina.
Ƙunshin taba goma sha huɗu.
Ɗaya ya jiƙe,
aka yi ta ja-in-ja a kansa har rana ta karkata,
ni kuwa haƙorana kaɗai aka duba.

Kada ku tambaye ni jirgi.
Zan dai faɗi Jatau, marini daga Zamfara,
da muka raba sarƙa ɗaya.
Hannunsa na nan shuɗi da baba,
in haske ya ɗigo ta ƙofar sama, shi nake kallo,
shi ne sararin samaniyata.
Ran sha tara ya daina amsa sallama.
Da suka kwance shi, ƙafata ta miƙe,
na ji daɗi.
Na yi istigfari shekara arba'in,
daɗin nan bai wanku ba.

Bahiya gari ne a kan tudu.
Mu ne jakunansa.
Na ɗauki mutum a kujera, na ɗauki dutse,
dutse ya fi, ba ya tofa yawu.
A nan na koyi farar ƙasa da ma'auni,
a nan muka yi adashi a ɓoye, mu tara,
duk wanda ya kwasa ya je ya sayi kansa.
Da zagaye ya zo kaina, furfura ta riga ni,
mai ni ya yi mini rangwame.

Na dawo ta ƙofar da na fita.
Inda aka tsare mu, yanzu wata ke ƙyafe kifi,
ta ce in saya ko in matsa.
Na matsa.
Jikan dillalina ya so bene mai fure a goshin taga,
na gina masa, ban rage ko bulo ɗaya ba.
Katanga ba ta san komai ba, me zan karkatar da ita?

Bara fatake suka sauka neman goro.
Na bi muryarsu kamar akuya ta ji kukan ɗanta.
Na yi gaisuwa, wani saurayi ya yi dariya,
ya ce, Baba, irin Hausar nan sai kakata.
Na ce ka san Tudun Marke,
mai rijiya biyu gabas da kasuwa?
Ya yi shiru, ya tambayi madugu.
Madugu ya ce kufai ne,
mun taɓa yada zango can, ɗaya rijiyar ta rufta.
Na ce ɗayar fa?
Ya ce da ruwa.
Na ce yaya yake?
Ya ce da garɗi.
To, ban yi ƙarya wa 'ya'yana ba.

Na sayi daddawa a hannunsu, ban sa a miya ba.
Tana cikin tsumma a ƙarƙashin matashina.
Matata ta ce ɗakin na wari,
na ce i.

'Ya'yana da Yarabanci suke mafarki,
ba wanda zai kai ni arewa, ƙafa ma ta ƙi.
Amma duk gidan da na gina a Popon Aguda,
kafin yaɓe ya sha iska,
nakan sa yatsa a saman ƙofa
in rubuta Shekarau,
in ƙara Jatau a gefensa,
sannan in shafe.