Farantin Baƙo

Jagoda ce ta fara hango tauraron,
ta manna hanci a gilashin taga ta ƙwala ihu,
Mama ta goge hannu ta ce a zauna.
Garin Tarnuf ya yi tsit a ƙarƙashin dusar ƙanƙara.

Jirgin ƙasan asuba na biyo,
awa biyar ina wasa harshena kamar wuƙa.
Shekara uku ke nan da Ludwik ya sayar da gonar tuffar Baba,
ban ji a bakinsa ba, a takarda na gani.
Na haddace duk abin da zan faɗa masa,
har wurin da zan yi shiru na tanada.

Mama ta shimfiɗa busasshiyar ciyawa ƙarƙashin mayafin tebur,
kamar kowane jajibirin Kirsimeti,
don a tuna inda aka kwantar da Jaririn.
Tana sukar gwiwar hannuna.
Kwano goma sha biyu, babu nama:
jar miya, kabeji da wake,
da kifin da ya kwana biyu yana iyo a bahon wanka,
har Jagoda ta raɗa masa suna, ta ce ita ba ta ci.

Ga kuma faranti guda na ƙari, da cokalinsa,
na baƙon da dare kan iya kawowa.

Kafin a ɗanɗana komai sai an karya farar gurasa,
siririya kamar takarda.
Kowa ya ɓalli ta ɗan'uwansa, ya yi masa fatan alheri.
Na je wurin Mama. Na je wurin Kawu Alojzy.
Na daɗe a wurin Wiesia, ina yabon ɗan kunnenta.
Falon ƙarami ne,
komai kewaye-kewayena sai da mutane suka ƙare.

Ya Yesu, na ce a zuci,
ga shi mun gyara wa wanda ba mu sani ba wurin zama,
wanda muka sha nono ɗaya kuwa
ko tsayuwa ban bar masa ba.
Ba ni da gafarar da zan ba shi, ka san aljihuna.
Ranta mini taka, ta daren nan kawai.

Ludwik ya miƙo tasa. Ya yi furfura ban sani ba.
Babban yatsansa irin na Baba ne, mai tsagaggen farce.
Na ɓalli ɗan gefe, ƙas,
ƙarar ta fi gurasar girma.
Na ce, Allah ya sauwaƙe maka ciwon gwiwar nan.
Iyakar abin da na samu ke nan.
Ya ce, Celina, sai muryarsa ta maƙale,
ya ɓalli tawa, ya ci.

Ba a nan ta ƙare ba.
Ana cikin cin kifi Kawu ya ce,
an ce masu gonar sun sare itatuwan, ko?
Maganar da na goyo tun daga jirgi
ta taso har maƙogwaro, da zafinta.
Na tashi na shiga kicin,
na buɗe famfo, na wanke tukunyar da aka riga aka wanke,
ina kiran Sunan, ina sake kira,
har wuyana ya sauka.
Na fito da ruwan busassun 'ya'yan itace,
na fara zuba masa.

Gonar dai ta tafi. Za mu yi maganarta,
wata rana da rana, ba a teburin Mama ba.

Sha ɗaya da rabi ƙararrawa ta kira sujadar tsakar dare.
Hanyar coci duk santsi.
Ya kama Mama ta dama, na kama ta ta hagu,
ba wanda ya ce uffan.
Tana tafe a tsakaninmu tana mita
wai mun cika sauri.