Silinda ta Uku

Ranar Asabar na sa hannu da kaina:
filogi huɗu, koyil huɗu, sababbi a kwali
daga shagon Okechukwu a Ladifo.
Na ce kuɗin bakanike ya kwana a aljihuna.

A tsaye, injin na numfashi
kamar jinjirin da ya ƙoshi.
Cikin gosulon Oshodi ma bai ce uffan ba.
Sai da na hau doguwar gada,
ruwa dama, ruwa hagu, hanya ta buɗe,
na taka, tabo ya fara fito,
sai mota ta kama tari.
Ta cije, ta saki, ta cije,
sitiyari na ɓari a tafina,
fitilar gargaɗi na ƙifta mini ido.
Wani ɗan danfo ya wuce yana yi mini daƙuwa.

Kafin in sauka Obalende na yanke hukunci:
jabu aka sayar mini.
Na kira Okechukwu, na zazzage masa kwandon magana,
na kashe waya yana cikin rantsuwa.

Litinin, garejin Oga Mukaila a Agege,
ƙasa baƙi ƙirin da tsohon mai.
Na'urarsa ta ce: silinda ta uku.
Bai yarda da ita nan take ba.
Ya cire koyil na uku ya kai gidan na ɗaya,
ya ce, "In ciwon nasa ne, zai ƙaura da shi."
Muka zaga, muka taka.
Tari na nan a uku, bai motsa ba.
Koyil ya fita daga zargi.

Ya bi waya da yatsa har soket.
Ya kara sukundireba a nozul, ƙota a kunne,
yana saurare kamar mai laɓe:
tik, tik, tik, lafiya.
Yaronsa Nomau ya matsa tiyon iska ko'ina,
babu inda ke huci.

Sannan ya kwance filogin.
"Ka taɓa ƙyasta ashana a bakin teku?
Haka tabo yake, iska yake turawa.
Wuta in ba ta da ƙarfi,
a tsaye za ta kama, a guje ta nemi hanyar gudu."
Ya goge farin tangaran da babban yatsa,
ya ɗaga shi ga rana.
Wani layi baƙi, siriri kamar gashi,
daga wuya zuwa gindi.

"Wannan ya faɗi ƙasa," ya ce.
Bai tambayi a hannun wa ba.

Ni kuwa Asabar ta dawo mini:
waya ta yi ƙara, hannu da maiƙo,
abu ya suɓuce, ƙwas a kan siminti.
Na ɗauka, na hure,
na goga a gefen riga,
na ɗaura.

Filogi ɗaya. Kuɗin aiki ya ninka shi uku.
Laifi tudu ne, na san sauran karin maganar,
ba sai Nomau ya yi murmushi ba.

Da la'asar na koma gadar.
Na taka, tabo ya yi fito,
huɗun suka amsa da murya ɗaya
har jiragen masunta suka koma baya.

Wayar na kan kujera kusa da ni,
lambar Okechukwu a sama.
Sau biyu na ɗauka.
Yanzu maƙogwarona ne
ke cijewa, ya saki, ya cije.